Ƙarfen da Ke Karyewa Ba Sallama

Duk ɗalibin da ya fito daga Dambatta, Makoɗa, Kunci ko Bichi ya san wannan takaicin. Damina ta sauka, ana tsaka da huɗa, sai bakin garmar shanu ya daki saiwa ya ɓalle ƙas! Ko fulin injin niƙa ya dare gida biyu alhali mata na layi da gero. A yankin da gonaki ke manne da juna, kowa na jiran garma ɗaya, kwana biyu na gyara asara ce babba. Abin da aka saba cewa shi ne "ƙarfen jabu ne". Sau da yawa kuwa laifin na siffar ƙarfen ne.

Ƙarfe mai laushi yakan lanƙwashe kafin ya karye, wato yana ba da gargaɗi. Mai gautsi, irin ƙarfen zubi da ake fuli da shi, ko sifirin mota da maƙeri ya ƙona ya tsoma a ruwa, ba ya gargaɗi. Idan kuma akwai giɓi a jikinsa, kamar gurbin ki, ramin kusa, ko kusurwa mai kaifi, nan ƙarfin yake taruwa. Mai rake ya san haka, shi ya sa yake ɗan sara kafin ya karya.

A 1913 wani injiniya a Ingila, Charles Inglis, ya fitar da lissafin. Ka raba zurfin giɓi da radiyos na ƙasansa, ka ɗauki sikwaya rut, ka ninka biyu, ka ƙara ɗaya. Giɓi mai zurfin milimita 4 da radiyos milimita 1 yana ninka damuwar ƙarfe sau 5. Zurfin nan dai, idan ƙasan ya yi tsini zuwa milimita 0.04, ninkin ya zama 21. Ka ga ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya, amma haɗari ya ninku fiye da sau huɗu. Jiragen ruwa na Liberty da Amurka ta ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun sha tsagewa daga kusurwoyin ƙofofin kaya masu kaifi, wasu har suka rabu biyu.

To ina batun nauyi biyu a lokaci guda? A gona ba a samun ja zalla. Shanu na jan garma gaba, saiwa na ture ta gefe, saboda haka lanƙwasa da murɗa suna haɗuwa. Masana sun kasa tsaga gida uku: wadda ake buɗe bakinta, wadda ɓangarorinta ke zamewa gaba da baya, da wadda ake yagewa gefe.

Gwada da alli a aji. Karya shi da lanƙwasa, zai rabu a miƙe. Murɗa wani, zai karye a karkace, kusan digiri 45. Dalili kuwa abu mai gautsi yana tsagewa ne a gicciyen inda ja ya fi tsanani. A kan wannan Erdogan da Sih suka gina ƙa'idarsu a 1963: tsaga za ta bi inda jan da ke kewaye da bakinta ya fi yawa, kuma za ta tashi da zarar jan ya kai iyakar juriyar kayan. Idan buɗewa ce zalla, tsagar ta miƙe. Idan zamewa ce zalla, sai ta kauce da kusan digiri 70. Haɗin biyun yana faɗawa tsakani. Wato da lissafi za ka iya faɗin inda ƙarfe zai karye, ta ina, da kuma a wane nauyi.

Saboda haka idan ka je SIWES ko ka koma gida hutu, ɗauki ɓallen ƙarfen ka duba. Daga ina tsagar ta faro? A miƙe take ko a karkace? Sannan ka ba mai walda shawara cikin ladabi: ya zagaye kusurwa da magagari, ya goge tabon walda, kada ya watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa. Ƙara kauri kuɗi ne, zagaye kusurwa kuwa aikin minti goma ne.