Totur da Gwamna: Daidaita Canjin Giya a Tsohuwar Akori-kura

Garin Azare yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Potiskum zuwa Maiduguri, saboda haka ba ya rabuwa da motocin ɗaukar kaya. Galibin akori-kurar da ke jigilar hatsi da dabbobi daga ƙauyukan ƙasar Katagum masu giyar hannu ne. Amma akwai 'yan tsiraru, musamman tsofaffin da aka shigo da su na hannu, waɗanda ke canja giya da kansu, alhali injinsu na kabireta ne, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsu. To me ke gaya wa irin wannan mota lokacin da za ta bar giya ta ɗaya ta shiga ta biyu?

Amsar tana cikin man giya. Wani famfo ne ke tura man da ƙarfi, sai abubuwa biyu su yi ta jayayya a kansa. Na farko shi ne gwamna. Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmar aro ce guda da ta mai mulkin jiha, sai dai a bakin makanikai tana nufin wasu ƙananan nauyaye da ke juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Gwargwadon gudun mota, gwargwadon ƙarfin man da gwamna ke sakewa, yana neman a hau giya ta gaba. Na biyu kuwa shi ne totur. Idan direba ya taka shi sosai, alama ce injin na ɗauke da nauyi, sai ƙarfin mai daga wannan ɓangare ya danne canjin. Sai gwamna ya rinjayi totur sannan giya ke shiga.

Labarin totur yana isa akwatin giya ta ɗayan hanyoyi biyu. A motocin Toyota masu injin 22R da akwatin A43D, da kuma Peugeot 504 mai akwatin ZF, wata waya ce ta taso daga kabireta. A nan mafi yawan matsala take. Idan wayar ta yi tsauri, mota za ta yi ta kuka kafin ta canja, kuma ta canja da fizga. Idan ta yi sako-sako, za ta canja da wuri cikin laushi, har direba ya ji daɗi ya ce motarsa ta huce. Wannan laushin shi ne haɗarin, domin ƙarfin man da ke matse faya-fayan kuloci ya ragu, suna sulɓi suna ƙonewa a hankali. A ganina gara mai fizga sau goma, don ita tana faɗin ciwonta. A Toyota, ana kashe inji, a taka totur har ƙasa, a juya notin wayar har tazarar da ke tsakanin bakin robarta da ɗan ƙarfen da ke maƙale a jikinta ta zama ba ta wuce milimita 1 ba.

Hanya ta biyu ta motocin Amurka ce, irin masu akwatin TH350 na kamfanin General Motors. Su da zuƙar iskar inji suke aiki: siririn tiyo ya taso daga ƙarƙashin kabireta zuwa wani ɗan gwangwani a jikin akwatin. Wasu gwangwanayen suna da sukuru a cikin bakinsu. Juya shi dama yana jinkirta canji, hagu kuma yana gaggauta shi, amma kaɗan-kaɗan ake yi, ana gwada motar a hanya. Tiyon da zafi ya tsattsage yakan sa giya ta makara ƙwarai. Idan kuma robar cikin gwangwanin ta huje, inji zai riƙa zuƙe man giya, farin hayaƙi ya fito ta salansa.

Abu guda da ake yawan mantawa: duk wanda ya sauya kabireta da wata wadda ba irinta ba, ya sauya tsawon jan wayar ke nan, dole a sake awo. Haka ma wanda ya sa manyan tayoyi don rairayin hanyoyin ƙauye, domin gwamna juyin sanda yake ƙirgawa, bai san girman taya ba.

Kafin a taɓa noti ko sukuru, a fara duba man, inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Lafiyayyen mai ja ne garau. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40 a Azare, mota mai lodi tana dafa shi da sauri. Idan ya yi duhu yana warin ƙuna, daidaita waya ba zai maido da kulocin da ya riga ya cinye ba, sai an sauke akwatin.