Babur Mai Suna Katifa

Tsakanin Ingila da Ailan akwai wani tsibiri, sunansa Man. Tun 1907 a ke tseren babura a can. Hanyar da su ke zagayawa kusan mil 38 ce, ga hawa, ga gangara, ga kwana iri iri. Mahaya da yawa sun rasa rayukansu a kanta.

Mu kan ɗauka wai babur mai babban inji shi ke cin tsere. To, ba kullum ba ne. Bari mu duba baburin wani kamfani na Ingila, Norton. Injinsa silinda ɗaya ne tak, na Gilera ta Italiya kuwa huɗu ne, ya kuma fi ƙarfi.

Duk wanda ya hau keke a hanya mai gargada ya san yadda taya kan yi tsalle. In taya ta bar ƙasa, ƙarfin inji ya tashi a banza, birki ma ba ya ci. Tsohon Norton haka ya ke. Firam ɗinsa, watau ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyi, ya kan yi lilo a kwana, wani lokaci har ya tsage.

Sai wani maƙeri na birnin Belfast, Rex McCandless, da ɗan'uwansa su ka ƙera sabo. Su ka lanƙwasa bututun ƙarfe biyu, su ka jera su gefe da gefe, su ka haɗa da walda, inji ya zauna a tsakiya daram. Tayar baya kuwa su ka ɗaura ta a wani hannun ƙarfe mai hawa da sauka. Su ka tokare shi da sifirin biyu, kowanne da bututun mai a ciki. Sifirin ya shanye duka, man ya hana shi yin ta tsalle. Wannan ita ce dabarar, taya ba ta rabuwa da ƙasa.

Da wani mahayi, Harold Daniell, ya gwada shi, sai ya kwatanta shi da katifar gashin tsuntsu. Sunan ya bi shi.

A 1950 Geoff Duke ya hau shi, ya ci babban tseren tsibirin. Da a ka yi lissafi, ya yi fiye da mil 92 a kowace sa'a. A 1951 kuma ya zama zakaran duniya a kan Norton, ya bar masu silinda huɗu a baya.