Tsohuwar Tukunyar Gas: A Yanka Ta Ko A Sake Mata Fenti?

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Wani ya ɗauko tsohuwar tukunyar gas duk ta yi tsatsa, ya sa mata injin yankan ƙarfe, kafin minti ɗaya ta koma murhu ko abin gasa nama mai kyan gani. A ƙasa kuma sai ka ga matasa suna ta rubuta cewa wallahi gobe su ma za su gwada. Abin da yawancin bidiyoyin ba sa nunawa shi ne aikin kwana ɗaya ko biyu da ake yi wa tukunyar kafin injin ya taɓa ta. Wannan aikin da aka datse daga bidiyon shi ke hana tukunyar tashi da mai yankan.

Maganar ta shafe mu a Baure kai tsaye. Ƙaramar hukumarmu tana bakin iyaka da Nijar, a jihar Katsina, ɗaya daga cikin jihohi 11 da ke sahun gaba wajen fama da kwararowar hamada. Itacen girki yana ƙara wuya, gawayi yana ƙara tsada, don haka tukunyar gas mai kilo 3 da mai kilo 6 ta shiga gidaje da ɗakunan samari da teburin masu shayi, har ta zama cikin kayan ɗakin amarya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu janareto da manoman rani da dama a Arewa suka mayar da injinansu kan gas. Tukwane sun yawaita daga Daura zuwa Zango har Babban Mutum, kuma duk tukunyar da aka saya wata rana za ta tsufa.

Tukunya ma tana da wa'adi

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce wa'adin tukunyar gas shekara 15 ne, kuma ya kamata a riƙa gwada ƙarfinta duk bayan shekara 5. Ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta ko a ƙarfen gindinta. Ke nan tukunyar da aka ƙera a 2008 ta gama aiki tun 2023, ko da har yanzu tana sheƙi.

A ƙasashe irin su Indiya da Birazil, tukunyar ta kamfanin gas ce. Ka kai wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya, kamfani ne ke duba ta ya cire wadda ta lalace. A Najeriya kuwa kai ka saya, kai ke da ita, kuma mai ɗura maka ba lallai ya kalli shekarunta ba. A 2019 gwamnatin tarayya ta yi maganar mayar da mallakar tukwane hannun kamfanoni, amma har yau kowa da tasa yake zuwa wurin ɗuri. To tunda babu mai duba mana, dubawar ta dawo kanmu.

A nan ne sake amfani mafi haɗari yake shigowa. Tukunya ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko tana yoyo, sai a sayar wa 'yan gwangwan. Maimakon ta tafi wurin narka ƙarfe, wani ya tsince ta, ya goge tsatsar, ya liƙe ramin da walda, ya fesa mata sabon fenti, ta dawo kasuwa da sunan ta hannu mai sauƙin kuɗi. Ɗalibi ko sabon ango ya ga araha ya ɗauka. Fentin ya rufe tsatsar, amma ƙarfen yana nan da siririntarsa. Ga shi a watan Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40, kuma gwargwadon zafi gwargwadon yadda gas ke matsa bangon tukunyar daga ciki. Shi ya sa ma ba a cika tukunya fal, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar don gas ya samu wurin kumbura.

Wadda ta ƙare ba ta ƙare ba

Idan wuta ta mutu a kan murhu mukan ce gas ya ƙare. Ruwan gas ɗin ne ya ƙare, tururinsa yana nan cike da tukunyar. Ya fi iska nauyi, don haka ko ka buɗe kan ka bar ta a tsaye, ba zai tashi ya fice gaba ɗaya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Cikin tukunya mai kilo 12.5 yana ɗaukar kusan lita 26. Gas yana kamawa da wuta idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar da ya gauraya da ita. Ke nan tururin da ya rage a tukunyar da ka ce babu komai a ciki ya isa ya mayar da iska lita 1,300 abin da zai iya kamawa, wato fiye da duro shida. Da zarar injin ya huda ƙarfen, iska ta shiga, ga kuma tartsatsi a bakin ramin. Mai yankan ne a sunkuye a kai, sai yaran shago da 'yan kallo da suka kewaye shi, har da mai riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo.

Mun ga abin da gas ke yi idan aka yi masa sakaci. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon sayar da gas ya tashi a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. A watan Oktoban 2024 kuma wata mota ta fashe a wurin ɗurin gas ɗin mota na CNG a unguwar Aduwawa ta birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar da ke cikinta haɗin masu walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan aikin ba. Matsin CNG ya ninka na gas ɗin girki sau goma ko fiye. Duk wanda ya ce zai haɗa maka tukunyar girki a mota ko a Keke Napep don shan CNG, ka yi masa sallama.

Me za a iya yi da ita?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: tukunyar da ta tsufa kada ta sake riƙe wani abu mai matsi. Wannan ya haɗa da tankin iskar masu faci. Iskar da injin ke turawa tana tara ruwa a gindin tukunya, ita kuma ba ta da mafitar ruwa, sai tsatsa ta riƙa cin ta daga ciki inda ido ba ya gani.

Idan aka yanka ta kuwa, ƙarfenta ya fi gwangwanin da aka saba yin kurfoti da shi kauri nesa ba kusa ba. Rabin ƙasa yana yin murhun gawayi da zai daɗe. Idan aka shafe cikinsa da yumɓu zai riƙe zafi ya rage cin gawayi, kuma a garin da bishiya ke ƙaranci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babba mai kilo 50 idan aka tsaga ta a tsaye, ta ba ka komi biyu na ban ruwan tumaki da awaki, ko magashi ga mai tsire da balangu. Rabin sama idan aka rataye shi yana yin ƙararrawar makaranta. Ƙanana kuma suna yin mazubin rainon dashe. Kan tukunyar ma na tagulla ne, yana da kuɗinsa daban a wurin masu sayen ƙarfe.

Amma aikin na ƙwararren mai walda ne, ba na gwaji a tsakar gida ba. Masu yin sa yadda ya kamata suna kai tukunyar fili, nesa da wuta da sigari da janareto, su bar sauran gas ya fita. Sai su kwance kan da sifana a hankali, ba da guduma ba. Sai su cika ta da ruwa da sabulu har ya yi ambaliya, domin ruwan ne ke koro tururin waje. A bar ta ta kwana, a zubar, a sake cikawa. Bayan nan ne ake maganar yanka. Wanda za a yi girki ko gashi a kai, a fara ƙone fentin tas a waje kafin abinci ya hau. Murhun gawayi kuma, komai sanyin hunturu, ba a kwana da shi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Akwai sana'a a nan ga matasan da ke koyon walda a Baure da Daura. Tukunyar da za a sayar a kan kilo a matsayin gwangwan, idan ta zama murhu ko komi kuɗinta ya ƙaru, kuma duk wadda aka yanka ta fita daga layin masu fenti har abada.

Yau idan ka koma gida, ɗaga tukunyarku ka duba shekarar da ke jikinta, ka leƙa gindinta. Ke ma 'yar uwa, shafa kumfar sabulu a kanta da bakin tiyo, idan kika ga yana ƙwai to tana yoyo, kada a gwada da ashana. Wadda ta haura shekara 15, ko ta lotsa, ko aka taɓa yi mata walda, kada ka sayar da ita da kanta a jiki. Kai ta wurin wanda ya san aikin, ka tsaya a cire kan a gabanka. Idan kuma kai ne mai ɗora bidiyon yadda ake mayar da tukunya murhu, don Allah ka fara da wurin cika ta da ruwa, domin yaran da ke bin shafinka abin da suka gani shi za su kwaikwaya.