Idan Takarda Ta Tafi, Wa Zai Riƙe Ofis?

Tun da Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta ɗiba wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba 2025 su bar aiki da takarda su koma kwamfuta, ake ta yi wa aikin akawu da sakatare sallar gawa. Matasa masu difloma suna ganin neman irin wannan gurbi ɓata lokaci ne, wasu shugabannin kuma sun ɗauka kowane yaro mai iya latsa waya zai riƙe shi. Dukkansu sun yi wa labarin gurguwar fahimta. Buga rubutu shi ne mafi ƙanƙanta a aikin mai taimaka wa shugaba a ofis. Ana ɗaukarsa ne don ya san inda kowace wasiƙa ta shiga, wa ya kamata ya gan ta, yaushe za a ba da amsa, kuma ya kame bakinsa a kan abin da ya karanta. Fayil ɗin da aka sa wa gurɓataccen suna a kwamfuta ya fi wanda ya faɗa bayan kabad wuyar samu.

Sharuɗɗan shiga ba su da wani sirri: difloma a fannin sarrafa ofis, wanda ya gaji tsohon kwas ɗin sakatariya a kwalejojin fasaha irin ta Kaduna, sai iya Word da Excel, da Turancin da zai rubuta wasiƙa ba tare da oga ya bi ta da jan biro ba.

Abin da aka manta shi ne darajar da wannan kujera ta taɓa samu a ƙasar nan. A Daular Sakkwato, gidan Waziri ne ke riƙe da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima. Ana rubuta su da Larabci, a buga hatimi, a adana, har ta kai Turawa sun tarar da tarin su a gidan Waziri Buhari a 1903. Da mulkin mallaka ya zauna, akawunan gwamnati yawancinsu daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Ghana aka kawo su, domin Arewa ba ta da isassun masu boko. A En'e kuwa, malamin hakimi ne ke riƙe da littafin haraji da na jangali, kuma kowa ya san ba a wasa da alƙalaminsa. Wannan giɓi na rashin masu boko ne ya sa aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, daga bisani ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a harabarta ta Kongo. Manufar Sardauna ta mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa a kan irin waɗannan mutane ta tsaya. Duk wanda ya leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna zai ga aikinsu: kowane fayil da lambarsa a bango, kowane shafi da tasa, bayanin jami'i na bin na wani da kwanan wata da sa hannu. Shekaru saba'in sun wuce, amma ana bin zancen daga farko har ƙarshe. Ofisoshi nawa ne a yau za su iya fito da wasiƙar bara cikin awa guda?

Za a ce albashin bai taka kara ya karya ba, tunda ƙananan matakai ba su yi nisa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne a damƙa wa mutum sirrin ma'aikata sannan a biya shi abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Sai dai wannan hujja ce ta gyara albashi. Za a kuma ce manhaja tana tsara wasiƙa da kanta. Tana yi, amma ba ita za ta gane cewa takardar da ta shigo da yammacin Juma'a ba za ta jira Litinin ba.

Babbar ɓarnar tana wajen ɗauka. An mayar da gurbin abin alfarma, inda ake cusa ɗan ƙanwa ko yaron ɗan siyasa saboda wai aikin ba ya bukatar komai, sannan a dawo ana kukan fayil ɗin ɗan fansho ya ɓace. Masu ɗaukar ma'aikata su rage intabiyun gaisuwa da tambayar wa ya turo ka. A zaunar da mai nema gaban kwamfuta, a ba shi wasiƙu goma a hargitse ya tsara, ya saurari taro na minti goma sha biyar ya rubuta abin da aka yanke, a sa maki a gaban kowa, a ɗauki wanda ya ci.