Wakilci a ƙaramar sana'a: misalin mai ɗaukar hoto a Gamu

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba wata matsala da ba a cika kula da ita ba sai ta auku, wato yadda shagon mutum ɗaya zai ci gaba da aiki in mai shi ya faɗi ciwo ko tafiya ta tsare shi. Mun ɗauki misalin mai hoto a Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, domin cinikinsa na lokaci ne: hotunan katin ɗan ƙasa, na takardun jarrabawar BEPC, da na biki. Wanda ya tarar da shagon a rufe ba ya jira, sai ya nufi Gure. Tsarewar kuwa ba tatsuniya ba ce. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a watan Agusta na 2019, da kuma a 2023, hanyar masu sayo takardar hoto da tawada daga Kano ta toshe.

Abin da aka saba shi ne mutum ya miƙa wa ƙanensa ko yaron shago mabuɗi, ya ce ya bar masa amana. Fiƙihun Malikiyya ya san wannan da sunan wakala, kuma ya bambanta wakili mufawwadi, wanda aka sakar wa kome, da wanda aka keɓe wa aiki ɗaya. A kasuwa maganar baki da shaidu biyu sun isa. A gaban banki ko ofishin haraji ba su isa ba, sai takarda.

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta yi maganar wakilci, wato mandat, tun daga aya ta 1984. Aya ta 1985 ta yarda a ba da shi a gaban notar, ko a takardar da mutum ya sa wa hannu, ko ma a wasiƙa. Ga mutumin Gamu, hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta, ya kai ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sa hannunsa. Sai dai a nan ne mutane ke tuntuɓe. Aya ta 1988 ta ce wakilcin da aka rubuta a dunƙule bai wuce gudanar da harkar yau da kullum ba. Ke nan wakili zai karɓi kuɗin hoto, ya biya haya, ya sayo tawada, amma ba zai sayar da kyamara ko janareto ba, ko da kuɗin maganin maigidansa ake nema a asibitin Damagaram, sai in an ambaci sayarwar ƙarara. A ganinmu, takardar da ta jera ayyuka biyar da sunansu ta fi wadda ta ce “kome da kome” amfani. Ya kamata kuma ta faɗi makomar hotunan mutane da ke cikin kwamfuta, musamman na matan aure, domin ba kayan shago ba ne da za a yi yadda aka ga dama da su.

Kada a haɗa wannan da ba da hayar shago, location-gérance, wadda dokar kasuwanci ta OHADA, da aka sabunta a Lome a 2010, ta tsara. A can mai haya kansa yake yi wa ciniki, riba da asara nasa ne. Wakili kuwa da sunan maigida yake aiki, bashin da ya ci cikin iyakar izininsa yana kan maigida.

Saura iyakar wakilcin kansa. Bisa aya ta 2003, yana faɗuwa da mutuwar wanda ya ba da shi, kamar yadda yake a fiƙihu. Daga ranar, kyamara da bashi sun zama gado, kuma magada ne za su zaɓi mai riƙe mabuɗi kafin a raba. Wanda ciwo ya gusar wa hankali kuwa ba ya iya wakilta kowa, don haka takardar da lafiya ake rubuta ta, a ajiye kwafi ɗaya wajen wakili, ɗaya a gida.