3.2 Tsarin Ziyarar Yini Ɗaya a Tsohon Birnin Kano

A wannan sashe za a yi bayanin yadda mai yawon buɗe ido zai fahimci tarihin Kano cikin yini ɗaya, matuƙar ya bi wuraren bisa jerin zamaninsu. Ya kamata ya fara da hawa Dutsen Dala da sassafe, domin nan ne tushen garin, inda Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. Daga kan dutsen zai hango ragowar ganuwa, wadda Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ginawa.

Daga nan sai ya gangara zuwa Kasuwar Kurmi da Gidan Makama da Gidan Rumfa, waɗanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Kurmi ita ce matattarar fataken Sahara a da, Gidan Makama kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. Zai kammala da karofin Ƙofar Mata, inda ake rini da baba.

Sai dai zaizayar ruwan sama da ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye yawancin ganuwar. Saboda haka, in ba a kiyaye abin da ya rage ba, mai ziyara nan gaba sai dai ya ji labarinta kawai.