Ɗan'uwan Baƙin Tukunya da Ya Zama Mai Gadin Haske

A tsangayoyin Bici da ƙauyukanta, da wuya ka samu almajirin da bai taɓa kankaro baƙin tukunya ya dama da ƙaro ya yi tawada ba. Mai karatu, da za a ce maka wani ɗan'uwan wannan baƙin ne ke daddatsa hasken leza gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta fi ƙiftawar ido gajarta sau biliyoyi, me za ka ce? Ni dai ranar da na fara ji, dariya na yi.

A shekarar 1990 masana sun haukace a kan wata 'yar ƙwallo ta sinadarin kabon mai ƙwayoyin zarra 60. An gano hanyar samunta a sauƙaƙe: a kusanto da sanduna biyu irin na cikin fensir, a sakar musu lantarki kamar mai walda, hayaƙin ya daskare a bangon tukunyar gwaji. Kowa ya duƙufa kankarar bango. Wani Bajapane mai suna Sumio Iijima, ma'aikacin kamfanin NEC a garin Tsukuba, shi kuwa sai ya ɗauki ɓawon da ya ƙanƙare a kan sandar, wanda ba a cika kula shi ba. Da kai ne, jama'a sun yi gabas da gudu, za ka tsaya tonon toka a yamma?

Da ya saka ɓawon a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai ya ga wasu 'yan allurai masu rami a ciki, kamar an naɗe tabarma an zura ta cikin wata tabarmar. Ya wallafa abin da ya gani a mujallar Nature a watan Nuwamba na 1991. Bayan shekara biyu aka samu masu naɗi ɗaya tal, waɗanda sai ka jera kusan dubu hamsin kafin su kai kaurin silin gashi. Aka raɗa musu suna bututun kabon. Duniya ta ɗauka, masu kuɗi suka fara lissafi.

Sai ga matsala. Bututun nan in an dafa su, a cakuɗe suke fitowa: wannan siriri, wancan mai ɗan kauri, kamar hatsin da aka haɗa gero da dawa da maiwa a buhu ɗaya. Masu burin ƙera kwamfuta da su suka yi ta fama da tsinta, shekara da shekaru. Riƙe wannan aibin a ranka, mai karatu, za mu dawo kansa.

Yanzu mu koma kan leza. Cikin na'urar leza akwai madubai biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu da wani dutse mai ƙyalli ko gilashi na musamman. Haske na kai da komo, dutsen na ƙara masa ƙarfi. In an bar shi haka, zuba zai yi ta yi kamar famfo. Wanda ke son gajerun harbi kuwa sai ya ajiye mai gadi a hanya, mai hali irin na dogarin fada: rarraunan haske ya haɗiye shi, ƙaƙƙarfa ya ba shi hanya, sannan ya rufe ƙofa nan take. Kowane zagaye sai jelar hasken ta ragu, kansa ya ƙara tsini, har ya zama harbin femtosakan ɗari. Ka san tsawonsa? Hasken da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a wannan ɗan lokacin ko kaurin gashi ba ya ƙetarewa. Da irin wannan harbin likitan ido ke yanka tantanin ido ba tare da wuƙa ba, domin kafin zafi ya bazu an gama.

Mai gadin da aka sani shi ne madubin da Ursula Keller ta ƙirƙiro a 1992. Gwani ne, amma ɗan gata: sai an gina shi shimfiɗa-shimfiɗa a injuna masu tsada, kuma kowanne da ɗan zangon launin hasken da yake yi wa aiki. A 2003 Sze Yun Set da abokan aikinsa a Tokyo suka tsaya gaban taron masana a Atlanta ta Amurka suka nuna cewa bututun kabon ma na iya wannan gadin. Zuwa 2005 an dama su da wani irin danƙo, an shafa a madubi, an samu harbin ƙasa da femtosakan ɗari daga leza mai gilashi. Baƙi da ƙaro a kan allo, ko ba haka ba?

Nan ne aibin ya zama ado. Kaurin kowane bututu shi ke zaɓar launin da zai haɗiya. Tunda a cakuɗe suke, shafi ɗaya sai ya yi gadin launuka da yawa, abin da Fabian Rotermund da ɗalibansa a Koriya ta Kudu suka tabbatar a kan leza iri-iri. Buhun da wani ke kuka da shi, wani ya saye shi da murna. Gaskiya dai har yau madubin Keller ke riƙe da kasuwa, kuma kada ka kankaro tukunyar gidanku ka nufi Kano neman mai saye. Wannan baƙin namu tarkace ne, sai tawada.

Saura abu ɗaya. A 1952, Stalin na raye, wasu Rashawa biyu, Radushkevich da Lukyanovich, sun wallafa hotunan bututun kabon masu rami a wata mujallar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet. Da Rashanci aka rubuta, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kusan babu wanda ya karanta a ƙasashen yamma. Da kai ne ka riga kowa gani da shekara 39, aka yi wa wani guɗa, ya za ka ji? Sai a 2006 mujallar Carbon ta tono takardar, ta tambayi duniya wane ne ya cancanci yabon.